Allurar da Na Hana Buba

Har yau ina tuna wata Laraba cikin damina da na ƙi ba abokina maganin da ya zo karɓa, ga shi kuwa yana cikin firijina. Ku da kuka fara aiki a shagon maganin nan kwanan nan, ku ji yadda aka yi.

Malam Buba Bafulatani ne, dillalin shanu, yana zaune a Gwallameji. Ni kuwa kakannina Barebari ne, don haka ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Matarsa Hajiya Dije ta kamu da ciwon daji, ana yi mata ƙarin ruwan maganin da ake kira kemo. Maganin nan yana kashe duk abin da ke saurin tsiro a jiki. Ciwon daji yana cikinsu, amma ɓargo ma haka yake, kuma a ɓargo ake haifar ƙwayoyin jini. A zagayen farko na kemo fararen ƙwayoyinta masu yaƙi da cuta suka yi ƙasa sosai, har aka kwantar da ita. Sai likita ya rubuta wata allura mai zaburar da ɓargo, ni kuma na sa aka kawo ta cikin sanyi.

Ranar da aka yi zagaye na biyu, bayan la'asar, sai ga Buba.

Ya ce, "Bawana, miƙo allurar. Ta galabaita, yanzu zan yi mata."

Na ce, "Kai za ka yi mata?"

"Tun kana tallan maganin ciwon kai a faranti nake yi wa shanu allura."

Malama Rakiya, ƙwararriyarmu a kan magunguna, ta nuna mini takardar likita: sai an cika kwana guda da gama kemo. Ta bayyana mana dalili. Yau maganin kemo yana yawo a jini da ƙarfinsa. In aka tashi ɓargo ya soma haihuwa yanzu, sababbin ƙwayoyin ne zai fara cinyewa.

Buba ya ce ai shi ya ba da sautu, kayansa ne. Na ce gaskiya ne, amma firijin nawa ne, kuma makullin yana aljihuna. Ya tashi, ya zauna, ya ce Barebari ba su san tausayi ba. Na ba shi kujera mai kyau, na sa aka kawo masa shayi. Ya kurɓa, sannan ya dubi Malama Rakiya.

"Wato kamar gonar da aka yi wa feshi yau? Ba a sakin maruƙa a ciki?"

Ta ce, "Baba, ka fi ni iya bayani."

Ya ce, "To, ki koya wa maigidanki."

Washegari da yamma na ɗauki allurar a cikin kula mai ƙanƙara, muka kai asibiti, nas ta yi mata. Da aka auna jininta kafin zagaye na uku, likita ya ce a ci gaba, ba sai an ɗaga ba.

Abin da na koya ke nan: mai gaggawa a gaban kanta yawanci tsoro ne ke tura shi, ba taurin kai ba. Kada ku kore shi, kada kuma ku miƙa masa. Ku zaunar da shi har ya faɗi dalilin da bakinsa.