Kwat ɗin Sagir Mai Acaɓa

Duk wanda ya taɓa hawa acaɓa daga Kiru zuwa Yako ya san Sagir ɗan Malam Shitu. Tun yana saurayi ya jingine fartanya a bakin rumbun babansa, ya tsaya a majalisarmu ya ce shi da noma haihata-haihata, aikin ofis zai yi, inda fanka ke juyawa a kan mutum. Da ofis bai samu ba sai ya hau babur. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, sannan ya koma karatu a wata kwaleji a Kano, irin ta Asabar da Lahadi.

Shekarar farko ta share fage ce, kowa da kowa aji ɗaya. Da za a shiga ta biyu aka ce kowa ya zaɓi sashensa. Sakamakon Sagir ya buɗe masa ƙofa biyu: sashen kasuwanci ko sashen aikin gona. A na gonar ya fi cin maki nesa ba kusa ba, amma tuni ya sayi kwat a gwanjo, matarsa Mansura ta goge masa ta rataye. In ya zaɓi gona, da wane ido zai kalle mu?

Sai ya mai da baburinsa ɗakin shawara. Duk fasinjan da ya hau sai ya tambaye shi. Mai ciwon gwiwa ya ce ya karanta likita. Mai rigimar iyakar gona ya ce lauya. Ni da ya tambaye ni cewa na yi ya fara karanta birki tukuna.

Ana gobe za a rufe zaɓi, ya ɗauki Iya Asabe mai ƙosai zai kai ta suna Yako. Ba su yi nisa ba ya taka birki a bakin wani lambun albasa, ya ƙwala wa mai lambun kira: "Malam, kashe injin nan, ruwan ya yi mata yawa, ruɓewa za ta yi!" Can gaba ya sauka ya juya ganyen tumatirin wani yana neman tsutsa. Tsayawa ta gaba har da tuɓe takalmi.

Iya Asabe dai tana kan babur da kwanon ƙosai a cinya. Da suka isa, an raɗa suna, an raba goro, 'yan biki sun fara watsewa.

"Kai ɗan nan, Allah ya shirye ka," in ji ta. "Ni acaɓa na hau ko rangadin malamin gona?"

"Yi haƙuri Iya. Af, ban ma tambaye ki ba: kasuwanci ko gona?"

"Ni kake tambaya? Tambayi ƙosaina da ya huce! Mun wuce kantuna nawa a hanya, ko waiwaye ka yi? Amma ganyen albasa ya kira ka kamar uwarka."

"To Iya, maganar da na yi a majalisa fa?"

"Su 'yan majalisar ne za su rubuta maka jarrabawa? Dariya ce dai, ba ta taɓa karya wa kowa ƙafa ba."

Washegari Sagir ya je Kano ya zaɓi gona. Mu kuwa ba mu raga masa ba, muka yi ta dariya har shayi ya ƙware ni. Malam Shitu ya ɗauko tsohuwar fartanyar nan ya miƙa masa, ya ce, "Ga ƙanwarka, ta gaji da jira. Abin da zan koya maka kyauta sai da ka je birni."

Yau Sagir yana koyar da aikin gona a wata sakandare, da yamma yana noman shinkafa. Har yanzu in kana sauri kada ka hau bayansa. Kwat ɗin ma ta samu aiki: tana can tsakiyar gonar a jikin mutum-mutumi, tana korar tsuntsaye. Sagir ya ce duk ƙasar Kiru babu mutum-mutumin da ya kai nasa kama da manaja.