Littattafan Yusha'u ba ruwa ya ci su ba

Da safen nan labari ya iske ni a unguwar Rusaifa, nan Makka: Farfesa Yusha'u ya rasu a Zariya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban yi kuka ba. Na haura tamanin, hawayen sun yi ƙaranci.

Ku kun san shi farfesa. Ni na san shi a shekarun sittin, yana kwana a ɗakina na unguwar Utaibiyya, tabarmarsa kusa da keken ɗinkina. A Masar yake digiri na biyu, kan Ibrananci da fiƙihun malaman Yahudawa. In hutunsa ya dace da aikin hajji sai ya zo ya yi wa alhazai tafinta a Mina.

'Yan unguwa suka laƙaba masa Haham, wato malamin Yahudu. Dariya yake yi.

"Bala, ba limanci zan yi musu ba. Karanta su nake. Su ma suna da masu karanta mu."

Shi ke rubuta mini wasiƙa zuwa gida, don ni allura na iya, ba alƙalami ba. Ranar da zafi ya kayar da ni a Mina, a bayansa ya kai ni inuwa, yana mita wai na fi buhun gero nauyi.

Da zai koma wata shekara, ya bar mini akwatin ƙarfe. Littattafan rubutu ne cike, aikin shekara biyu da ya kwafa da hannunsa, dukkansu da haruffan Yahudawa.

Sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila. Aka fara raɗe-raɗin za a bi ɗaki-ɗaki. Ni ko iƙama, takardar izinin zama, ba ni da ita. In aka ga wannan rubutu a ƙarƙashin gadona, wa zan yi wa bayanin digiri?

Na ƙone su a murhu, ɗaya bayan ɗaya. Da rana tsaka.

Na daɗe ina jin haushinsa. Shi yana da fasfo, ya ajiye mini abin da zai iya hallaka ni, ya hau jirgi. Har yau ina ganin bai yi tunani ba. Amma amana ya ba ni, wannan ma gaskiya ce.

Da ya dawo na ce masa ambaliya ce ta shiga ɗakin. Ya buɗe akwatin, ya shafa cikinsa, ko tsatsa babu.

"Ikon Allah. Ruwan Makka ke nan, ya ci takarda ya bar akwati a bushe. Tayyib. Zuba mana shayi, Bala."

Ganinmu na ƙarshe ke nan. Shekara uku ya ƙara kafin ya gama digirin.

Ɗazu aka karanta mini ta'aziyyar da ɗalibansa suka rubuta, har sun ce ambaliyar Makka ta cinye bincikensa na farko. Ashe haka ya riƙa faɗa musu, shekara da shekaru. Ƙaryata ya ɗauka ya riƙe mini.

To, 'ya'yansa da ɗalibansa, ku gyara. Wuta ce, kuma ni na hura ta.

Allah Ya jiƙan Yusha'u, Ya rufa masa asiri a kabari da ranar tsayuwa. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. In akwai saura, a sa da ni.