Wasan da Ake Tsayawa a Sha Shayi

Har yau in na ji ƙamshin sitaci a ƙarƙashin dutsen guga, kakata nake tunawa, kuma ba da daɗin rai ba.

A Ankara, babban birnin Gana, ta yi ƙuruciyarta, tana wanki da guga. Fararen wandunan 'yan kurket, wasan da ake buga ƙwallo da sanda, take wankewa, ta ce jan ƙwallonsu in ya goge a cinya sai an yi da gaske yake fita. Da aka kori baƙi daga Gana ta dawo Zongon Kwatano wurin babanmu, ƙaramin ɗanta kuwa ya maƙale can. Lokacin juyin juya hali ne, kowa kamarad, Asabar a fito shara, iyaka kuma ba a ƙetare ta sai da takarda. Shekaru suka shuɗe ba ta sa shi a ido ba.

Wata damina wani mai goro ya kawo saƙo. Baffanmu, ƙaramin ɗan nata, shi ne direban motar 'yan kurket na Gana, za su Ikko su kara da Nijeriya. A tafiya jandarmomi ba za su bari ya tsaya ba, amma in an gama wasa zai biyo. Kakata ta daka yaji, ta goge zanenta na salla.

Ana haka aka aiko daga Jugu cewa gwaggonmu ta haihu, haihuwar fari, kuma wankan jego ba wanda zai tsaya a kai sai uwa. Babanmu ya samo mata wuri a motar shanu mai komawa arewa. Ta ce a dakata mata. Aka dakata kwana ɗaya, aka ƙara wani, ba motar baffa ba labarinsa.

"Inna, an gama wasan nan tun shekaranjiya," in ji babanmu. "Ya wuce ne kawai, bai tsaya ba."

"Ba a gama ba. Wasan nan kwanaki ake yi, kuma ba karo ɗaya ba ne. Har tsayawa suke su sha shayi su koma."

Gidan ya kwashe da dariya. Mu ƙwallon ƙafa muka sani, ana farawa bayan la'asar, kafin magariba kowa ya watse. Matan gida suka ce tsufa ya fara taɓa Inna. Ni, 'yar lelenta, har da kwaikwayon mai kurɓar shayi da sanda a hannu. Ta dube ni kawai, ta shiga ɗaure kayanta.

Mako bai cika da tafiyarta ba wata doguwar mota ta tsaya a bakin titi da hantsi. Wani mutum mai goshin babanmu ya shigo da gudu yana kiran Inna. Ya leƙa ɗakinta, ya zauna a bakin gadon jim kaɗan, 'yan wasa na ta danna masa ham. Ya ajiye turmin atamfa ya fita.

Da ta dawo bayan arba'in, babanmu ya durƙusa ya faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tambaya ɗaya ta yi: "Kun ba shi abinci?" Ba mu ba shi ba, ko ruwa. Ba su sake haɗuwa ba har ta rasu.

Yanzu daga Kwatano zuwa Ankara kiran waya ne, har fuska ana gani. Ni ma na kai shekarunta, kuma in na faɗi abin da na gani da idona jikokina kan haɗa ido su yi murmushi. Ba na jin haushinsu. Kunya ce ke kama ni, don sai yanzu na san abin da ta haɗiye ranar da take ɗaure kayan nan.