Zanin Gadon da Na Kasa Ɗagawa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na rubuto muku ita. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin mutanen da ke cikinta suna raye, wasu ma muna haɗuwa da su a gidan biki da gidan suna. A lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da ɗoriya, ina aure a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, sana'ata gumin shinkafa: in sayi shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, in jiƙa, in turara, in shanya, a kai inji. Ina da manyan tukwane da mata masu taya ni aiki, kuma gaskiya ina ji da kaina. Ni ake kira idan abu ya rikice a dangi, ni ke tsara yadda za a yi, kuma ban saba wani ya ce mini na yi kuskure ba.

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a hannunta na girma. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kama sunana ba. Idan za ta yi maganata sai ta ce "waccan", ko da kuwa ina tsaye a gabanta da 'ya'yana biyar. Ba mu taɓa cin abinci kwano ɗaya ba, ban taɓa zama a tabarmarta ba, kuma idan na gaishe ta ƙasa nake kallo. Babu ƙiyayya a ciki, haka muka tarar ana yi. Har alfahari nake da wannan kunya tamu, ina yi wa matan yanzu tsiya idan na ga suna rungumar ɗan fari a gaban mutane.

Da ciwon daji ya kama Inna, mun yi ta zarya zuwa asibiti a Kano wata da watanni. Daga ƙarshe likita ya zaunar da ni da ƙannena maza uku, ya gaya mana cutar ta wuce magani, abin da ya rage shi ne a rage mata raɗaɗi a kula da ita da kyau. A lokacin ta riga ta daina tashi. Autarmu, wadda ita ce mace ɗaya bayana kuma ita ce 'yar gaban goshin Inna, tana aure can kudu, ga tsohon ciki. Matan ƙannena sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kowa da ɗawainiyarta. Ana cikin haka aka ba ni labarin wani gida da wata ƙungiya ta buɗe a yankinmu, na kula da marasa lafiyar da asibiti ya sallama. Na je na gani da idona. Wuri tsaf, an share, ga gadaje da fararen zannuwa. Nas ɗin da ke lura da wurin, wadda ke zuwa sau biyu a mako, ta nuna mini wata takarda da aka manna a bango kusa da kowane gado. Ta ce wanda ba ya iya motsi dole a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada fatarsa ta mutu, kuma duk juyin da aka yi sai mai jinya ta sa alama a takardar. Wannan takarda ce ta saye ni. Goggonmu ta ce ita hankalinta bai kwanta ba, na ce mata zamani ya canza, masu ilimin abin sun fi mu iyawa. Har cewa na yi ta daina tsoma baki a abin da ba ta sani ba. Allah Ya yafe mini.

Ranakun dubiya Juma'a ne da Lahadi, bayan la'asar. Ban taɓa fashin Juma'a ba. Zan dama kunun gyaɗa, in yi farfesu, in je in zauna a benci can wajen ƙafafunta in gaishe ta. Kullum zan same ta a rigingine, an lulluɓe ta da farin zani har wuya, an ɗaura mata ɗankwali. In tambayi jiki, ta ce alhamdulillahi. In ɗaga kai in dubi takardar bango, in ga alamomi reras, in ji daɗi. Wata Juma'a na ɗan ji wani wari a ɗakin, na yi wa ɗaya daga cikin masu jinyar magana, ta ce kwatar bayan ɗakin ce ta toshe. Mako na zagayowa na zo musu da kasko da turaren wuta mai kyau, irin wanda nake ajiye wa baƙi. Suka yi ta godiya. Daga ranar duk zuwan da zan yi ƙamshi ne ke tarbata tun daga ƙofa. Na yi ta yabon wurin a gari, har wata maƙwabciyata ta kai surukarta saboda maganata.

Yanzu da nake tunawa, alamu sun yi ta zuwa ina ture su. Ta daina shanye kunun. Idan aka ɗan ɗaga ta don ta sha, sai ta damƙe ƙarfen gado har jijiyoyin hannunta su fito, ni kuma in ce ai ciwon ne. Sau uku tana tambayata yaushe auta za ta zo. Abin ya sosa mini rai, na koma gida ina mita, ina cewa ni ke wahala amma auta ake nema.

Wata Talata da hantsi na kai shinkafa inji, na tarar ya lalace. Da yake gidan jinyar ba nisa, na ce bari in leƙa, ko da ba ranar dubiya ba ce. Ƙofa a buɗe, tsakar gida shiru. Tsohuwa mai dafa musu abinci kaɗai na samu tana tsince wake. Na tambaye ta ina masu jinya, ta ce ai yau an saki ruwa a kanal, layin gonakinsu ne, sun tafi ban ruwa, sai azahar. Ta faɗa kamar mai ba ni labarin farashin gishiri. Na nufi ɗakin Inna. Tun kafin in ɗaga labule wani wari ya buge ni wanda ban taɓa jin irinsa daga jikin mai rai ba. Kaskona yana gefe, babu wuta. Ƙudaje sun yi baƙi a kan zanin. Inna tana wani irin nishi ƙasa-ƙasa, tana ganina ta haɗiye shi, ta jawo zanin zuwa haɓarta. Na dubi takardar bango. Rana ko tsaka ba ta yi ba, amma an riga an sa alamar juyin azahar, da na la'asar, da na magariba, har na isha'i.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Daga nan na kama bakin zanin.

"Inna, ki yi haƙuri, zan duba."

"Ke, bari," in ji ta. Ta kawar da kai.

Karo na farko ke nan a rayuwata da na ƙi jin maganarta. Na ɗaga, na juya ta a hankali, ta yi wata ƙara da har yau nake ji a kunnena. Ledar da ke ƙarƙashinta jagab take. A ƙasan bayanta akwai gyambo ya fi tafin hannuna faɗi, bakinsa ya yi baƙi, ya yi zurfin da na hango farin ƙashi. Akwai tsutsa a ciki. Dugaduganta biyu su ma sun ɓare. Ni da nake taƙama ba na tsoron komai, sai ga ni zube a ƙasa ina salati. Wata biyu ina zama taku uku daga wannan abu ina shaƙar turare.

Na kira nas ɗin a waya, ta zo a kan babur. Ta duba ciwon da idonta. Ta amsa laifinta ba gardama. Ta ce idan ta zo takardar take dubawa, ta tambayi mara lafiya, ta ba da maganin raɗaɗi ta wuce. Sau biyu ta so ta duba jikin Inna, masu jinya suka ce yanzu suka gama yi mata wanka, Inna kuma ba ta son a buɗe ta, sai ta ƙyale. Wajen azahar masu jinyar suka dawo su biyu, da taɓo har ƙauri. Ɗayar na san uwarta, tare muke zuwa kasuwa. Na yi kanta da faɗa, tana kuka tana ba ni amsa. Ta ce tunda aka fara dashen shinkafa haka suke yi, domin ruwan kanal layi-layi ake bayarwa, wanda ya bari nasa ya wuce shukarsa ta ƙone. Ta ce da safe suke cike takardar gaba ɗaya, saboda idan nas ta ga gurbi babu alama faɗa take yi. Sun ga ciwon tun yana kamar kwabo, suka riƙa barbaɗa masa hoda suna sa ran zai bushe, da ya girma kuma suka ji tsoron faɗa. Ina cikin zazzaga mata masifa sai na dakata. Na tuna abin da ya hana ni riƙe uwata a ɗakina: ni ma shinkafar ce. Da aka bi sauran ɗakunan, an samu wasu mutum biyu da irin wannan ciwo, ɗaya ita ce surukar maƙwabciyata.

A ranar na ɗauke Inna, kuma ban kai ta gidan kowa ba sai gidana. Mutane sun yi surutu, wai uwa ta tare a ɗakin 'yar fari. Ban saurari kowa ba. Na kife tukwanena na sallami masu aiki. Nas ɗin, Allah Ya saka mata, kullum sai ta zo ta wanke ciwon, ta koya mini yadda ake juyi da yadda ake tokara matashi. Kwanakin farko idan zan yi mata wanka ita ta rufe ido, ni in kawar da fuska, muna yi kamar baƙin juna. Wata rana na daure na tambaye ta me ya hana ta faɗa.

"Wa zan nuna wa?" in ji ta. "Maza ke zuwa, sai ke."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa take ta neman auta. Ta ƙara da cewa yaran nan masu jinya 'ya'yan mutane ne, ba ta so a kore su a dalilinta.

Kwana goma sha tara ta yi a ɗakina. Gyambon bai warke ba, amma ya daina wari, kuma ta samu tana barci. Wata safiya na gama juya ta ina gyara mata matashi, sai na ji an kira sunana. Wallahi waiwayawa na yi ƙofa in ga wa ya shigo. Ta sake kira, ta ce in zauna a bakin gadon. Na zauna. Ta riƙe mini yatsu. Bayan kwana biyu Allah Ya karɓi abarsa.

Ban rubuto wannan don in ce gidajen jinya ba su da amfani ba. Akwai iyalan da ba su da yadda za su yi, kuma na ji ƙungiyar ta sauya ma'aikata ta kuma bar dangi su riƙa shiga kowane lokaci. Abin da na koya shi ne, kulawar da ake yi wa mara lafiya a jikinsa ake ganinta, ba a takarda ba. Duk wanda ya kai nasa irin wannan wuri, ko asibiti ne, ko ma a gida ne a hannun wasu, ya riƙa zuwa ranar da ba a sa ran ganinsa. Ya tambayi wa ke wurin ranar kasuwa da ranar ban ruwa. Idan ya ji wari kada ya nemi turare, ya nemi inda warin yake fitowa. A samu wadda za ta ɗaga zani ta duba baya da ƙugu da dugadugai, domin tsofaffinmu ba za su faɗa ba, sai dai su ce alhamdulillahi. 'Yan'uwana 'ya'yan fari kuwa, kunya abu ce mai kyau, ban ce a yar da ita ba, amma ranar da uwa ta kasa juya kanta, hannunku take buƙata. Ni tawa kunyar ta jawo wa Inna wata biyu na azaba, ta bar mini kwana goma sha tara kacal. Ina roƙon masu karatu su sa ta a addu'a. Har yau idan na shiga gidan da aka kunna turaren wuta, fita nake yi in tsaya a waje.