Ranar da Ƙanwata Ta Yi wa Allah Ta'aziyya

Jiya wata ɗalibata ta kawo mini sabuwar tabarmar kaba. Ina warware ta, ƙamshinta ya mayar da ni Azare, tsakar gidanmu, cikin wata bazara da har yau ban sauke ta daga zuciyata ba. Mai karatu, bari in ba ka labarin a hankali.

Mu kaɗai ne Kirista a unguwarmu. Baba malamin asibiti ne, aiki ya kawo shi daga ƙasarmu ta duwatsu, can kudancin Bauchi. Ba mu da majami'a, ba mu da dangi a kusa. Ranar Lahadi a zaure muke taruwa, mu rera waƙa ƙasa-ƙasa, muryar Mama ce ke jan ta, mu kuma mu bi.

A shekarar nan Mama tana goyon namiji. Bai kai yaye ba zazzaɓi ya ɗauke shi, lokacin kuwa Baba ya riga ya hau kekensa ya tafi Katagum yin allura. Zafi bai bari a jira shi ba. Mazan unguwa ne suka haƙa kabari a bayan gari, gindin wata aduwa, nesa da makabarta, suka kwantar da shi shi kaɗai.

Maƙwabta ba su yar da mu ba. Akwai wata tsohuwa Babarbariya da muke kira Iya. Kullum da hantsi za ta shigo da ƙwaryar kunu, ta shimfiɗa tabarma, ta ce wa Mama, "Ya haƙuri? Allah ya ba ki haƙuri, ya sa mai ceto ne." Daga nan ba ta ƙara cewa uffan. Sai ta zauna, ta daɗe, har inuwa ta matsa, sannan ta tashi. Ƙanwata, wadda ba ta fi shekara huɗu ba, tana raɓe bayan randa tana kallo.

Aka watse daga zaman makoki, amma Mama ba ta dawo mana ba. Tana girki, tana shara, sai dai da zarar Baba ya ce mu yi addu'a, sai ta miƙe ta tafi duba murhun da babu tukunya a kansa. Waƙar Lahadi ta mutu a bakinmu. Baba ya yi ta lallashinta da ayoyi. Sau ɗaya tak ta amsa masa.

"Malam, ranar na kira Shi, bai amsa ba. Yanzu me zan ce masa?"

Daga baya na ji Baba yana gaya wa Iya cewa in damina ta faɗi zai mayar da Mama wurin iyayenta, ko za ta samu sauƙi, mu kuwa mu zauna da shi saboda makarantata. Tun daga ranar na fara tsoron hadari. Duk garin na duban gabas da fata, ni kaɗai nake roƙon kada gajimare ya taso.

Sai Juma'ar tunawa da mutuwar Almasihu ta zo. Zafi ya kai har kaji sun buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Baba ya karanta mana labarin gicciye a zaure, Mama tana tsakar gida tana tsince wake, ta ba mu baya. Da ya rufe Littafin, ƙanwata ta ja hannun rigarsa.

"Baba, ɗan Allah ne ya rasu?"

"Shi ne."

"To, wa ya je ya yi masa gaisuwa?"

Baba ya yi murmushi, ya ce ai ranar Lahadi ya tashi, babu sauran baƙin ciki. Ta dube shi kamar ya faɗi abin kunya.

"Yau dai ai Juma'a ce."

Ta fice. Muka ga ta jawo sabuwar tabarmar da ake ajiye wa baƙi, ta fi ta tsawo, tana tuntuɓe da ita. Ta shimfiɗa a gindin darbejiya, ta ɗebo ragowar kununta a 'yar ƙwarya ta ajiye, ta zauna ta naɗe ƙafa irin zaman Iya.

"Sannu, Uba. Ya haƙuri? Allah ya ba ka..." Sai ta tsaya, ta waiwayo ni. "Yaya, shi wa zai ba shi haƙurin?"

Da ta ga babu mai faɗa mata, sai ta yi abin da ta ga ana yi: ta yi shiru, ta zauna.

Ban san lokacin da Mama ta ajiye faifan wake ba. Na dai ga ta zo ta zauna a gefen tabarmar. Inuwa ta matsa. Can ta ce, da muryar da na daɗe ban ji ba, "Ashe Kai ma an binne maka ɗa."

Sai kuka ya zo mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar. Ƙanwata ta tura mata ƙwaryar kunu.

Ranar Lahadi muryar Mama ta fito a waƙa, a dishe, tana rawa. Damina ta faɗi, Mama ba ta tafi ba.

Yanzu ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, nesa da kowa nawa. Akwai majami'a mai ƙararrawa da kujeru, ana addu'o'i masu tsawo da kalmomi masu daɗi, ni ma na iya su. Mama ta rasu, ƙanwata ta yi aure a Jama'are, ta ce ko kaɗan ba ta tuna ranar. Amma jiya da la'asar, da kewa ta hana ni magana, na shimfiɗa tabarmar nan a bakin ɗakina. Na zauna a gefe ɗaya, na bar ɗaya gefen.