Bangon da Inna ke shafawa

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yabe ni. "Wancan" take ce mini. Kowa ya san kara ce, ni ma na sani, amma sani bai hana raina sosuwa ba. Ƙanena kuwa ko tari ya yi sai ta sa masa albarka.

Tun muna yara muka iso Makka ta hanyar Sudan. A shekarun alif ɗari tara da sittin muka rabu da ɗakunan kwano, ni da shi kowa ya yi ginin bulo a lungu ɗaya a unguwar Mansur. Nawa ne farko in an shigo, nasa na biye. Ni na yi shafen siminti sumul. Shi kuwa, sarkin iyayi, ya ɗauko wani magini mutumin Yaman ya yi masa abin da suke kira ɗarɗasha. Siminti ake kwaɓawa da 'yan tsakuwa, da ruwa-ruwa, a riƙa watsa wa bango har ya yi kaushi kamar bayan kada.

Duk lungu aka zo kallo. Lokacin idon Inna ya riga ya tafi, da lalube take zuwa daga gidan ƙanwata ta wuni wurin ɗayanmu. Ta taɓa bangon ta ce, "Masha Allah, auta, wannan ko jikokinka sa gada." Ina tsaye a wurin. Ranar ko tsiren da nake sayarwa sai da na ƙona don haushi.

Na nemo maginin na ce ya yi mini irinsa, tsakuwar ma ta fi girma.

"Ya hajji, bangonka lafiyarsa lau," in ji shi.

Na ce ba shawara na zo nema ba.

Bango ya bushe, ya fi na ƙanena kyau, har gobe ina kan bakana. Na shimfiɗa tabarma ina jiran Inna. Ta shigo lungu, hannunta ya sauka a kan bangona, ta ɗan tsaya, ta janye shi, ta wuce ƙofata ta shige gidan auta. Washegari ma haka. Matata ta yi ta ajiye mata tuwo yana hucewa.

Da abin ya ishe ni na tare ƙanena a ƙofar masallaci, na ce ya mallake uwa shi kaɗai.

Ya yi dariya. "Haba Yaya, kai ka ɓatar da ita. Da santsin nan take gane gidanka. Ta ce mini kullum sai ta tsaya ta shafa shi kafin ta shiga, wai laushinsa ɗaya da goshinka kana jariri. Ka san a gaban mutane ba ta taɓa ɗaukarka ba."

Na koma gida na ɗauko guduma da kurfi, na kankare daidai tsayin hannunta tun daga kwanar lungu har ƙofa, na sake shafewa sumul. Ina aikin ina ƙunci. Maganar da na yi ta jira tun ina yaro, ashe an yi ta, kuma ita ma auta aka faɗa wa.