Fulogi Takwas a Injin Fistin Huɗu

Shekarun baya, lokacin da arzikin mai ya shigo har malamin firamare irina ya fara jin kansa wani ne, na sayi motar da ko kaɗan ba ta dace da ni ba. Ja ce, gajera, kujera biyu tak, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya. Wani Bature mai aikin hanya ne ya sayar mini da zai koma ƙasarsu. Ranar da na kawo ta gida mahaifiyata ta zagaye ta, ta leƙa ciki, ta tambaye ni inda za a sa buhun gero. Na ce ba don gero aka yi ta ba. Ta ce to Allah ya shirye ni.

Ashe motar tana da ciwo. Injinta irin mai matse fetur da iska ne sosai, man da muke samu kuwa bai karɓe ta ba. Da na taka ta a hanyar Dutsi sai ta kama ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ta ɗau zafi, in fake gindin bishiya, masu jakuna suna wucewa suna yi mini sannu.

Abokina kaɗai nake bari ya taɓa ta. Ibo ne, amma a Daura aka haife shi, tare muka yi wasan ƙasa, kuma in ya tashi zagi da Hausa sai ka toshe kunne. Lokacin yaƙin basasa iyayensa suka tafi da shi. Da aka gama ya dawo shi kaɗai, ya buɗe shagon kayan mota da ɗan gareji a baya. Ban taɓa gaya masa irin murnar da na yi da dawowarsa ba, mu ba ma irin wannan maganar.

Ya kwance injin ke nan sai mahaifinsa ya aiko: tsufa ya zo masa, yana so ɗan nasa ya rufe shago ya koma gida gaba ɗaya. Abokina ba ya musu da mahaifinsa. Abin da ya mayar kawai shi ne akwai injin mutum a buɗe a hannunsa, da ya rufe zai taho. Tsohon shi ma bakanike ne, ya san ba a barin injin mutane a buɗe a yi tafiya, sai ya yarda. Kun ga ke nan ranar da motata ta warke, ranar zan rasa abokina.

Sai ya kawo shawararsa. Wai wutar fulogi ɗaya ba ta cinye man da wuri, ragowar sai ya fashe da kansa, ƙarar da nake ji ke nan. In aka huda kan injin aka ƙara wa kowane fistin fulogi na biyu, wuta za ta kama ta gefe biyu, kamar yadda ake cinna wa ciyawar gona. Na tambaye shi ko ya taɓa yi, ya ce a'a. Na tashi da faɗa, na ce a kan motata zai koyi aiki? Ya bar ni na gama, ya ce in miƙo masa sifana.

Aiki kam ya ci lokaci. Da farko wani mataccen kan inji muka gwada hudawa, muka faɗa hanyar ruwan da ke sanyaya injin, muka zauna muna dariya kamar ba asara muka yi ba. Sannan muka naɗe na gaskiyar a buhu muka hau bas zuwa Kano wurin masu injin huda ƙarfe, ni na rungume shi a cinya har muka isa. Aka dawo neman kayan raba wa fulogi wuta, distirbuta mai baki takwas da kwayil biyu. Damina ta faɗi ta ɗauke, aka yi girbi, muna nan. Kullum in an tashi makaranta ina kan tsohuwar taya a garejin, mahaifiyata tana aiko mana da fura, ta ce a ba ɗanta tukuna, ba ni take nufi ba. Ni kuwa bakina bai daina mita ba, yaushe za a gama, yaushe za a gama. Amma duk ranar da aka ce kayan ba su iso ba, wallahi da sanyin zuciya nake komawa gida.

Wata safiya ya ce in murɗa makulli. Ta tashi, lafiya lau. Muka naɗe rufi muka nufi garin Babban Mutum, na taka ta iya son raina ina kasa kunne. Ba tsakuwa, ba zafi. Ban taɓa jin inji mai daɗi haka ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Da muka juyo ya ce in tsaya. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce, "Malam, da gasket mai kauri na shimfiɗa mata a ƙarƙashin kan injin, da wuni ɗaya ta daina ƙarar nan. Ɗan ƙarfinta ne kawai zai ragu."

Na ce, "To me ya hana ka?"

Ya ce, "Wuni ɗaya ne fa."

Na ce masa ɗan banza, na juya ina kallon karan dawa, don ba zan bari ya ga fuskata ba. Cikin makon ya tafi.

Motar ta yi mini shekaru kafin na rabu da ita, don duk bakaniken da ya buɗe ya ga wayoyi takwas sai ya mayar ya rufe. Ita ba na kewarta. Garejin nake kewa, da warin baƙin mai, da mutumin da ya fi kowa iya zagina. Mun tsufa kowa a garinsu, sai gaisuwa ta bakin 'yan kasuwa, daga baya ita ma ta yanke. Har yau nakan zauna ina tunanin hanyar nan. Da ma na ce masa ina jin 'yar ƙara kaɗan har yanzu. Na san da ya sake kwance ta, ba zai ma tambaye ni a ina na ji ba.